Wata tara ina karɓar allurar Sustanon ina ɗaga ƙarfe: abin da na gani a jikina

Shekarata 48, sana'ata shinkafa, tsakanin Jega da Argungu da Birnin Kebbi nake yini. Na kusa shekara biyu ina fama da wata kasala da na rasa gane kanta. In na yi azahar na jingina da buhu, sai barci. Tumbi ya fito, damtse ya saki, harkar iyali ma sai an yi mini tuni. Jiƙe-jiƙe kuwa na sha har na gaji, don a garin nan duk abin da ya sami magidanci, in ba basir ba ne to sanyi ne.

Da na kai kaina wajen likita, sau biyu ya sa aka ɗebi jinina, duk da safe kafin ƙarfe 10, ban ci komai ba. Sinadarin maza da ake kira testosteron ya fito 214 a na farko, 198 a na biyu. Ya ce ƙasa da 300 ana ɗaukarsa ya yi ƙasa, muddin akwai alamomi irin nawa. Ya ƙara da gwajin suga, da PSA na duba lafiyar prostate, wato ƙullun da ke ƙasan mafitsarar maza, da PCV na kaurin jini. Sai ya ajiye biro ya dube ni.

"Alhaji, kana da sauran niyyar haihuwa?"

Na yi dariya na ce haihuwa ai ta Allah ce. Bai yi dariya ba. Ya ce da zarar sinadarin ya riƙa shigowa daga waje ta allura, ƙwaƙwalwa takan daina tura wa maraina umarnin su yi nasu, ƙwayoyin haihuwa su ragu ƙwarai, wani ma su ɗauke. In an daina allurar sukan dawo, amma sai an ɗauki watanni. 'Ya'yana bakwai. Na koma gida muka yi shawara da Hajiya, sannan na dawo na ce a fara.

Sustanon 250 'yar kwalba ce mai cin mililita ɗaya, testosteron kala huɗu aka narkar cikin man gyada. Mai kyan jini da gyada, wato wanda ci take tayar masa da borin jini, ya faɗa wa likita tun kafin a zuƙa. Duk mako uku ake yi mini a mazaunai. Mai ne, ba ruwa ba, saboda haka tana shiga da nauyi, kuma kwana biyu nake yi ina zama a karkace kan mashin.

Aikinta ba shakka tana yi. Cikin mako na farko bayan allura ina jin kaina kamar ɗan talatin. Babban aibinta shi ne ba ta riƙe mutum daidai: kwana biyar na ƙarshe kafin ta gaba sai in ji na fara lafewa, ga saurin fushi. Yaran shago har sun gane, in suka ga ina faɗa kan mudu ɗaya sai su ce lokacin allurar Alhaji ya yi. Akwai Nebido da ake yi duk mako 10 zuwa 14, amma kuɗinta ya fi ƙarfina. Na shafawa kuma ban ko gwada ba. Da gumin Kebbi, da jikoki masu hawa kafaɗa, ga shi yana iya gogewa ya koma jikin mace ko yaro.

Motsa jiki likita ne ya gindaya mini shi a matsayin sharaɗi. Na fara da zagaye a filin wasa na Haliru Abdu bayan asuba, daga baya na shiga wani ƙaramin gidan ɗaga ƙarfe, sau uku a mako. Wurin ba yabo ba fallasa: in an ɗauke wuta ba fanka, rabin nauyin kuma siminti ne aka zuba a gwangwanin fenti. Yaron da ke koyarwa yana da haƙuri, shi ya koya mini tsuguno da nauyi ba tare da na karya baya ba. Sai dai shi ne ya cusa mini wani tunani. Ya ce, "Baba, in ka dage da ƙarfe abin zai hau da kanshi, ka bar allura."

Na so hakan ya zama gaskiya. A wata na uku na fito daga wurin da gumina, kwana huɗu da yin allura, na wuce aka ɗebi jini. Sakamako ya haura 900. Na kai wa likita takarda ina washe baki, shi kuwa abin da ya fara tambaya shi ne yaushe aka yi mini allura. Ya ce wannan lamba ta kwalba ce, ba ta ƙarfe ba, in dawo ranar da za a yi mini ta gaba, kafin a soka. Na dawo, ta fito 390. Bayaninsa ya zauna mini: ɗaga nauyi yakan ɗan ɗaga testosteron a jikin lafiyayye, amma cikin awa guda yake sauka, ni kuwa marainana ma an sa su hutu. Lambata ranar allura take bi.

To ina amfanin wahalar? A ƙugu na gan shi. Daga kilo 96 na dawo 88, wandunan da na ajiye sun shige ni, sugana da ke bakin iyaka ya koma daidai. Kuma a farkon allura kan nonona yakan yi tsami, abin da na ji kunyar faɗa. Ashe kitse yana juya wani ɓangare na testosteron ya koma sinadarin mata, da teɓa ta ragu tsamin ya tafi. Likitan ya ba ni labarin wani bincike da aka yi a Amurka a 1996, na mako 10: masu motsa jiki kaɗai sun ƙara tsoka kusan kilo 2, masu allura kaɗai kusan 3, waɗanda suka haɗa biyun kusan 6. Amma miligiram 600 ake yi musu duk mako, ninkin-ba-ninkin abin da ake ba mara lafiya, kada wani ya ce zai kwaikwaya.

Inda na tsorata shi ne lokacin zafi. Kaina ya riƙa sarawa, idona ja, ga shi ina fita zagaye ba na shan ruwan kirki. PCV da ya fara a 44 ya kai 53, kuma a 54 ake dakatar da allura saboda gudun daskarewar jini. Aka ɗebe mini jini leda ɗaya, aka rage yawan maganin, na koma yawo da gorar ruwa kamar ɗan makaranta. Wanda ke sayen allurar nan a kemis yana soka wa kansa, ba mai duba masa wannan.

Samunta ma aiki ne. Sau ɗaya wani mai kemis ya miƙo mini kwali da araha, rubutun ya dushe, babu lambar NAFDAC, na mayar masa. Ba a sa ta a firij, ba a kuma barinta cikin mota a rana, don bai kamata ta wuce zafin digiri 30 ba. Tawa a gindin randar Hajiya take kwana, cikin robar man shafawa.

In magidanci ya yi gwaji sau biyu ya tabbata nasa ya faɗi, ya gama haihuwa, yana da kuɗin gwaji duk bayan 'yan watanni, zan ce masa ya yi, ya kuma nemi takalmin gudu tun ranar farko. Saurayin da ke son ƙirji ya buɗe kafin aure, shi kam ban ba shi shawara ba.

Makon jiya mota ta kawo kaya, lebura ɗaya bai zo ba, na ɗauki buhu mai kilo 50 na kai cikin sito har sau shida. Da dare Hajiya tana gasa mini baya da ruwan zafi tana cewa, "Alhaji, allura aka ce ta maida ka, ba shekarunka ba." Gwajin PCV na gaba ranar Litinin ne.