Keken Roma da Takalmin Tehran

Ɗan'uwa, ka ce an ba ka sunayen fina-finai biyu, na Italiya mai suna Ladri di biciclette da na Iran mai suna Bacheha-ye Aseman, ka leƙa labarinsu ka tarar a ɗaya keke ne ya ɓata, a ɗayan takalmi. Shi ne kake tambaya ko ba abu ɗaya ba ne, kuma da wanne za ka fara. Ginshiƙin labarin kam ɗaya ne: talaka ya rasa ɗan abin da rayuwarsa ta rataya a kai, ya bazama cikin gari nema. Daga nan kuma suka yi hannun riga.

Daraktan na Italiyan, Vittorio De Sica, ya yi nasa a 1948, shekara uku da ƙare Yaƙin Duniya na Biyu, Roma cike da marasa aikin yi. Antonio ya samu aikin manna fastoci a bango, amma sai mai keke, nasa kuwa yana jingina. Matarsa Maria ta yaye zannuwan gadonsu ta kai, aka fanso keken. Ka sa ido sosai a nan: kyamara na bin ma'aikacin wurin yana hawa kanta bisa kanta har kusa da rufi, ko'ina ƙunshin zannuwan mutane ne. Ba wanda ya ce uffan, amma ka gane gari guda ne ya jinginar da shimfiɗarsa. Ranar farko a bakin aiki, yana kan tsani, aka sace keken. Wanda ya fito a Antonio ɗin ma, Lamberto Maggiorani, ma'aikacin masana'anta ne, ba ɗan wasa ba, kuma ana ganin haka a tafiyarsa.

Majid Majidi ya yi nasa a 1997, a unguwar talakawa ta kudancin Tehran. Ali ya karɓo takalmin ƙanwarsa Zahra daga wurin mai gyara, ya ajiye a ƙofar shagon mai kayan miya yana zaɓar dankali, mai kwasar tarkace ya haɗa da shi. Ana bin uba kuɗin haya, uwa ba lafiya, don haka yaran suka rufe maganar. A littafin makaranta suke rubuta wa juna shawara, iyaye na zaune a ɗakin. Suka tsaya a kan karɓa-karɓa: Zahra ta je makarantar safe da takalmin Ali, ta sheƙo da gudu ta tuɓe masa a lungu, shi kuma ya ruga ta rana.

Inda nake ganin sun fi rabuwa shi ne batun wa ke da laifi. A Roma, duk ƙofar da Antonio ya ƙwanƙwasa, ba a wulaƙanta shi ƙiri-ƙiri ba, kowa dai ta kansa yake yi. Ɗan sanda ya rubuta ƙara ya ce ya je ya nema da kansa. A coci an ce ya yi shiru ana ibada. Har wurin wata mai duba ya je, bayan shi ne ya yi wa matarsa dariyar zuwa can. Da ya gano ɓarawon, sai ga yaro mai farfaɗiya da ke zaune da uwarsa a ɗan ƙuntataccen ɗaki, 'yan unguwa suka yi masa caa. De Sica na nuna maka tsarin da ke haɗa talaka faɗa da talaka.

A Tehran kuwa babu ɓarawo sam. Zahra ta hango takalminta a ƙafar wata yarinya, suka bi ta har gida, suka ga ubanta makaho ne, suka juyo ba su ce komai ba. Akwai kuma inda babansu ke fasa sukarin masallaci, tuli a gabansa, ya ƙi jefa ko ƙwaya a shayinsa domin amana ce. Wannan kam Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa. Talaucin Majidi yana ciwo, amma bai taɓa mutuncin kowa ba.

Sai ƙarshe, kuma ka yi haƙuri zan ɗan ɓata maka. Sunan na Italiyan jam'i ne, ɓarayin keke, alhali ɓarawo ɗaya muka gani. Na biyun Antonio ne. Kusa da filin ƙwallo ya sallami ɗansa Bruno ya je ya hau tarago, ya suri keken wani, aka cim masa ana mari ana zagi. Bruno bai samu taragon ba, a gabansa aka yi komai. Mai keken ya dubi yaron ya ce a sake shi. Suka shige cikin taro, uba na hawaye, ɗa ya kama hannunsa, ba keke ba aiki. Ali kuwa ya shiga gasar gudu don kyautar na uku takalmi ce, tsautsayi ya sa ya zo na ɗaya, ana ɗaukarsa hoto yana kuka. Mu masu kallo an nuna mana sababbin takalma ɗaure a bayan keken babansu, yaron bai sani ba. Ya tsoma ƙafafunsa da suka yi bororo a kwarmin ruwan tsakar gida, jajayen kifaye suka kewaye su.

Ni dai a ganina na De Sica ya fi nauyi. Majidi ya ɗan tausaya mana da takalman nan na bayan keke, kamar yana gudun kada mu tashi da baƙin ciki. De Sica bai yi mana wannan alfarmar ba, shi ya sa hannun Bruno ya fi daɗewa a raina. Abin dariya, na Majidi ne fim ɗin Iran na farko da ya kai zagayen ƙarshe na takarar kyautar fina-finai ta Oscar, a 1999, kuma wani fim ɗin Italiya ne daban ya kayar da shi.

Ka fara da na Iran, kuna iya zama da yara ku kalla. A intanet ana samunsa da sunan Children of Heaven, ɗayan kuma Bicycle Thieves. Na Roman baƙi da fari ne, ka bar shi sai daren da gida ya yi tsit.