Gargaɗi ga masu kaɗa bes: an damfare ni kuɗin tsirkiya seti shida

Seti shida na biya. Kuɗin seti shida cif, a tura ɗaya, kuma wallahi har yanzu da nake rubutun nan zuciyata tafasa take yi. Kwana uku ke nan ina fara rubutu ina gogewa saboda kunya, don na san akwai masu cewa ai kai ka so. To ku faɗa. Gara a zage ni da in yi shiru wanda ya damfare ni ya je ya cuci wani.

Akwai wani mutum da ke tallar tsirkiyar jitar bes a intanet, yana cewa kayansa na asali ne, daga kamfani kai tsaye. Ba zan rubuta sunansa ba, shi ma sunan ban yarda nasa ba ne. Amma hotunan hirarmu suna nan tun daga sallamar farko, da shaidar tura kuɗi, da saƙonnin muryarsa guda tara, duk zan ɗora su da zarar na gama rufe lambobin mutanen da ba ruwansu.

Kafin wani ya ce ban san kaya ba: shekara goma sha ɗaya ina kaɗa bes. Da idona a rufe, in na shafa tsirkiya zan gaya maka mai naɗin nikel ce ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa, don ta biyun ta fi kaushi a yatsa, ta fi kaifin sauti, kuma ta fi cin firet, wato ƙarafan nan da ke jere a wuyan jita inda ake danna tsirkiya. Na san lambar kaurin tsirkiyoyi huɗun da hannuna ya saba da ita, 45, 65, 85, 105, ban taɓa canzawa ba sai sau ɗaya da na gwada mai 100 na ji ta yi mini laushi. Ni nake saita wuyan jitata da kaina. Ba yaro ba ne ya shiga kasuwa ya ga kwali mai ƙyalli ya ruɗe.

Abin da ya kama ni tambaya ɗaya ce. Na ce masa ina son 45 zuwa 105, mai kaushi, naɗin nikel. Bai ce in turo kuɗi ba. Sai ya ce, "Maigida, jitar taka inci 34 ce ko 35? Kuma tsirkiyar ta cikin jikin jitar take bi, ko a ƙarfen gindi take tsayawa? Kada in aiko maka wadda ba za ta kai ba."

Wannan tambayar nake ta juyawa a raina dare da rana. Inci 34 ce ko 35. Ɓarawo ina ruwansa da tsawon jitarka? Sau nawa na sayi tsirkiya a hannun masu gaskiya waɗanda ba su ma san akwai bambanci ba, sai dai su miƙo maka abin da ke gabansu? Shi kuwa ya san in tsirkiya ta bi ta cikin jiki tana buƙatar ƙarin tsawo. Ya san akwai gajeriyar bes mai inci 30. Har hira muka yi a kan mai santsi da mai kaushi, yana gaya mini ai jitar bes mai suna Precision da Leo Fender ya fitar a 1951 da mai santsi ake kaɗa ta, sai a shekarun 1960 kamfanin Rotosound na Ingila ya shahara da mai kaushi, sautin bes ya fito fili. Gaskiya ya faɗa, ni ma na san tarihin. A nan na saki jiki. Na ce wannan ɗan'uwa ne a sana'a.

A'a, na ma tsallake wani abu. Kafin maganar seti shida akwai seti ɗaya, kusan wata biyu da suka wuce, ko da ɗan ɗoriya. Ban yi wautar tura kuɗi da yawa tun farko ba, ɗaya na fara saya don gwaji. Wannan ɗayan na gaske ne. Yana kan jitata har ranar da na kwance shi da hannuna don in ɗaura na jabun. Kwalinsa lafiya, ledar ciki a like, sauti garau, na yi aikin sitidiyo biyu da shi ba wanda ya yi ƙorafi. To ku gaya mini, wanda ya gwada ya ga alheri, laifinsa ne in ya koma? Ashe ƙugiya ce ya sa wa tsutsa.

Da ya ce kaya sun kusa ƙarewa, in zan ɗauki shida zai ɗauke mini kuɗin aike, ban ga abin zargi ba, don bai karya farashi yadda hankali zai tashi ba. Da ya ce rabin kuɗi ne da na gudu. Ragin kaɗan ne, irin wanda kowane ɗan kasuwa ke yi wa mai sayen da yawa. Kuma abin da ya fi ci mini rai, shidan nan ba duka nawa ba ne. Biyu nawa. Biyu na abokina mai kaɗa bes mai tsirkiya biyar. Biyu na yaran da nake koya wa kiɗa, ɗayansu sai da ya yi watanni yana tari. Ni na ce musu na samo mutumin kirki. Ni na karɓi kuɗinsu a hannuna. Da bakina na ce, "Ku bar mini, na gwada shi."

Kuɗin seti shida. Na tura da rana, kafin yamma ya turo hoton kwali a ɗaure, har da addu'a.

Kayan sun iso bayan kwana goma sha ɗaya, shi kuwa kwana huɗu ya ce. A tsakanin nan ne ya turo yawancin saƙonnin muryar, yau mota ta lalace, gobe yaron da ya aika bai da lafiya, kullum da "yi haƙuri maigida". Ina da su duka. Za ku ji muryar, a natse take, ba gaggawa, ba in-ina.

Daren da na buɗe, na fara da nawa. Kwalin yana ɗauke da sunan wani babban kamfani da kowa ya sani, ba zan ambace shi ba tunda su ma cutarsu aka yi. Sai da na ajiye shi gefen tsohon kwalin na ga launin ya ɗan kode, ƙananan rubutun baya sun yi dishi-dishi. Ledar ciki ba a like take ba, an naɗe bakinta ne kawai an manna. Duk da haka na ɗaura, ina ce wa kaina wataƙila sabon tsarin kwali ne. Na ja tsirkiyar E, wadda ta fi kauri a setin, ta hau, na buga. Sabuwar tsirkiya mai kaushi tana da wani amo kamar na ƙararrawa, tana daɗewa tana rawa. Wannan ta ce dum ta mutu, kamar wadda ta shekara a jiki tana shan gumi. Allurar na'urar saiti ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, tana ta lilo hagu da dama. Na danna firet na 12, inda ya kamata E ɗin ta dawo daidai a sama, ta zarce. Na ja sirdin, ɗan ƙarfen da tsirkiya ke hawa a gindin jita, baya har sukurun ya ƙure, ba ta dawo ba. Duk mai bes ya san in haka ta faru naɗin ne ba daidai ba, wani wuri ya cushe wani wuri ya saki. Na kama jikin tsirkiyar da yatsa biyu na murza, sai na ji naɗin yana juyawa a kan ƙarfen tsakiya. Ta kirki, ƙarfen tsakiyarta galibi mai kusurwa shida ne don ya riƙe naɗin gam, ba ta yin haka.

Washegari na ari ma'aunin kauri wurin wani mai gyara. Lamba 105 tana nufin kashi 105 cikin dubu na inci, wato kusan milimita 2.67. Tawa ta nuna 2.4. An rubuta 105 a kwali, an zuba mini abin da bai kai 100 ba. Shi ya sa wuyan jitar ya koma baya cikin dare ɗaya, tsirkiya ta kwanta tana gogar firet, domin cikakken seti na 45 zuwa 105 yana jan wuya da nauyin kusan kilo 80, in ka rage kauri ka rage jan. Saitin da na ɓata lokaci na yi ya tashi a banza.

Na abokina kuwa ko ɗauruwa bai yi ba. Jitarsa inci 35 ce, kuma na gaya wa mutumin nan, ai shi ya tambaya da bakinsa! Tsirkiyar B, wato ta biyar mafi kauri, da ya kamata ta zama 130, siririn bakinta ya fara tun kafin ta haye saman wuya. Ta inci 34 ce, ita ma in ta kai. To me ya sa ka tambaye ni? Don me ka tambaye ni 34 ko 35 in ka san abin da za ka zuba a kwali?

Wanda ya sa na zauna a ƙasa shi ne na yaran nan. Wannan ranar ce ko washegari, na manta, kaina ya riga ya ɗau zafi. Ɗaya daga cikin setinsu ba jabu ba ne ma, tsohuwa ce. An yi aiki da ita. Na ɗaga ta a gaban fitila ina juyawa a hankali, sai ga tabon firet a jere a cikinta, wuri-wuri ya lotse yana sheƙi, tazarar tana raguwa daidai yadda firet ke matsowa. An datse bakin da ya taɓa naɗuwa a kunnen jita, abin da ake murzawa a ja tsirkiya, shi ya sa ta gajarce. A cikin ɗan zoben gindi akwai tsatsa ja. Mu duka mun san dabarar tafasa tsohuwar tsirkiya a ruwa don dattin yatsa ya fita, ta ɗan farfaɗo na kwana biyu. Mutum ya yi wa kansa don babu, ba laifi. Amma ka tafasa, ka goge, ka naɗe, ka sa a kwali ka sayar wa yaron da ya yi watanni yana tari? Allah ya isa. Yaron da ya ga fuskata cewa ya yi, "Malam, ba komai." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na tura wa mutumin hotuna. Da farko ya ce wai ban iya ɗaurawa ba ne, ni, bayan shekara goma sha ɗaya. Daga baya ya ce kuskuren yaron shago ne, zai canza, in ƙara kuɗin aike kawai. In ƙara! Bayan kuɗin seti shida! Da na ce a'a, a dawo mini da kuɗina, ya karanta bai amsa ba. Da safe hotonsa ya ɓace, kira ba ya shiga. Jiya wani ya nuna mini tallar nan dai, hotunan kwalin nan dai, da wani sabon suna.

Na biya abokina nasa, na biya yaran nasu daga aljihuna, don ni na ja su. Ke nan shidan duka a kaina suka ƙare, kuma ranar Asabar muna da wasa, tsohon setin da na kwance shi zan mayar, shi ma na riga na datse shi daidai kunne, ban san ko zai kama ba.

Ku dai kada ku tura kuɗin kaya da yawa don ɗaya ya yi kyau. Leda in ba a like take ba, ku mayar. Wasu kamfanoni irin su D'Addario suna buga lamba a ledar ciki da ake dubawa a shafinsu, ku duba kafin ku yanke komai. Ku ɗaga tsirkiyar a haske ku nemi tabon firet.

Wanda ya taɓa jin wannan tambayar ta 34 ko 35 daga bakin mai irin wannan muryar, ya yi mini magana ta akwatin sirri, ina tattara shaidu. Hotunan da saƙonnin muryar tara suna zuwa yau da dare, har da bidiyon ma'aunin yana nuna 2.4.