Tsirkiya mai santsi a jitar bes: ra'ayina kan La Bella 760FL

Duk mai kaɗa jitar bes ya san a tsirkiya kuɗinsa ke ƙarewa. Jita sau ɗaya ake saye, amfilifaya ma haka, amma tsirkiya kullum cikin neman canji take, musamman ga irinmu masu gumin hannu. Ni dai mai kaushin nan da 'yan kiɗa ke kira rawun ba ta jimawa a hannuna. In na ɗaura sabuwa, 'yan makonni kaɗan sai muryarta ta dushe, E, wato kakkaurar cikinsu, ta riga sauran mutuwa, saitin ya zama kowace da inda ta dosa. Dafa tsirkiya a tafasasshen ruwa, dabarar da kowa ya sani, tana dawo da muryar na ɗan lokaci ne kawai, daga nan ta sake kwantawa. Abin da ya sa ke nan na koma mai santsi, wato filat, na ɗaura La Bella Deep Talkin' Bass 760FL a kan jitata, wata Squier ƙirar Precision da na saya ta hannu. Ta ga damina ta ga hunturu a nan Kaduna, ta je coci, ta je gidan biki, ta shiga situdiyo, don haka ina da abin faɗa a kanta.

Ga wanda bai taɓa riƙe ta ba, a naɗi bambancin yake. Kowace tsirkiyar bes tana da waya a ciki, an naɗe ta da wata a waje. A mai kaushi wayar naɗin zagayayya ce, shi ya sa in ka shafa kake jin gargada a yatsa, kuma a cikin waɗannan 'yan ramuka ne gumi da maiƙon hannu da ƙura ke taruwa har su kashe muryar. Mai santsi kuwa da shimfiɗaɗɗen ƙarfe siriri ake naɗe ta, gefe manne da gefe, sannan a goge ta sumul. Ta La Bella da ƙarfen da ba ya tsatsa ake yi, kuma datti ba ya samun inda zai maƙale. Kaurin wannan saitin, in an raba inci gida dubu, 43, 60, 82 da 104 ne, daga siririyar G zuwa kakkaurar E. Tana cikin marasa nauyi a danginta, don wani saitin nasu, 760FS, daga 45 yake zuwa 105, irin ta dauri kuma daga 52 har 110.

Ba kuma sabon yayi ba ne. Lokacin da mai ƙera jita Leo Fender ya fito da Precision Bass a 1951, da mai santsi ake kaɗa ta. Mai kaushi ta yi tashe ne daga tsakiyar shekarun 1960, bayan John Entwistle, mai kaɗa bes na ƙungiyar The Who, ya haɗa kai da Rotosound, kamfanin tsirkiya na Ingila. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin waƙoƙin kamfanin faifai na Motown a Detroit, kakkaurar La Bella yake ɗaurawa a kan Precision ɗinsa ta 1962, da yatsa ɗaya yake kiɗa, kuma da wuya ya canza tsirkiya. Wanda ya taɓa sauraron faifan wancan zamani ya riga ya san muryar da nake nufi.

Wajen ɗaurawa akwai abu biyu da ba a wasa da su. Na farko, ɓangaren da aka naɗe da zare a ƙarshen tsirkiya shi kaɗai ya kamata ya zagaye kunnen jita, wato abin da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya. In ƙarfen ya hau kunne ya lanƙwashe, naɗin na iya buɗewa, tsirkiya ta lalace tun ba a kaɗa ta ba. Don haka sai ka tabbatar da tsayin jitarka kafin ka saya. Tawa inci 34 ce, wadda aka fi yawan gani. Na biyu, kamfanin da kansa ya yi gargaɗi kada a zura wannan saitin ta bayan jikin jita, irin jitocin da tsirkiyarsu ke ɓullowa ta cikin katako, saboda lanƙwasar ta yi tsanani. Suna da wani saiti dabam don masu irin wannan. Tawa ta sama ake zura mata, ta cikin ƙarfen gindi, ban samu wata matsala ba.

Da na gama ɗaurewa na saita, wuyan jitar ya ɗan ƙara rusunawa gaba, tsirkiya ta ɗaga daga kan ƙarafunan wuya, wato firet, fiye da yadda na saba, don ta fi wadda na cire jan wuya. Na sassauta tsirkiyoyin, na sa alanki na ƙara wa sandar cikin wuya ɗauri da kwatan zagaye, na saita, na bar ta ta kwana kafin in sake dubawa. Daga nan na bi su ɗaya bayan ɗaya a firet na 12, ina matsar da mazauninsu a gindi har sautin da aka danna ya yi daidai da na tsirkiyar in ba a danna ta ba. Wanda bai saba taɓa sandar nan ba gara ya kai wa mai gyara, don tilasta mata yana iya jawo asarar wuya gaba ɗaya. Amma kada wanda ya ɗaura filat ya tsallake wannan saiti ya ce tsirkiyar ce mai tauri. Rabin masu kukan taurinta, jitarsu ce ba a daidaita ba.

A yatsa, kwanakin farko na ji ta baƙuwa. Ta fi tauri wajen dannawa, kuma in hannu ya jiƙe da gumi takan ɗan riƙe fata kafin ta saki. Ta bar mini ɗan baƙi-baƙi a yatsu, ragowar gugar da aka yi mata, na sa tsumma na share ya wuce. Bayan ta saba da hannu sai ta zama abin sha'awa. Kana zamewa daga ƙasan wuya zuwa sama ba ƙugin nan na yatsa, ba zafin fata ko an kwana ana kiɗa, kuma ba ta cin ƙarafunan wuya yadda mai kaushi ke ci.

Murya ita ce gaba da komai, a nan kuma nake roƙon mai saye ya yi haƙuri. Sabuwarta tana da wani ɗan amon ƙarfe a sama, kuma siraran, G da D, sun fi masu kaurin, E da A, haske, har ka ji kamar ba saiti ɗaya ba ne. Wanda ya yanke hukunci a makon farko zai zalunce ta. Sai da na yi ta kaɗa ta wajen wata guda sannan amon ya kwanta, huɗun suka zama baki ɗaya. Daga nan abin da ke fita shi ne sauti mai kauri, mai bugu a farkonsa, wanda yake sauka da wuri ya bar wuri ga na bayansa. Wannan saukar da wuri ita ce ta fi burge ni. A da in na kaɗa layi mai sauri, sautuka sukan hau kan juna su cakuɗe. Yanzu kowane yana tsayawa da ƙafarsa. Mai gangarmu ne ya fara lura, ya ce bugun ƙafarsa da bes ɗina sun daina rigima, sun koma faɗuwa wuri guda.

A cocinmu rufin kwano ne, bango siminti, ƙasa tayil, duk wani ƙarar ƙarfe sai ya dawo maka ninki biyu. Da mai kaushi kullum ina rage saman sautin a amfilifaya don kada ƙwas-ƙwas ɗin yatsa ya cika ɗakin. Da wannan kuwa na bar komai a tsakiya, maɓallin murya na jikin jita na buɗe shi kusan duka, kuma 'yan mawaƙa suka ce sun fi jin inda waƙa ta dosa. Mai fiyano ma, da yake hannunsa na hagu na son sauka yankina, yanzu ana rarrabe nawa da nasa. A gidan biki kuma, ranar da aka haɗa mu da masu kalangu, na ga amfaninta sosai. Kalangu magana yake yi, yana hawa yana sauka, kuma bes mai haske yakan shiga masa baki. Wannan ta zauna a ƙasa ta riƙe kiɗan, ta bar masa sama ya yi zancensa. A rege da hailaif ma haka, kai ka ce don su aka yi ta. In ina son tsohuwar murya sosai, sai in yanko ɗan soson katifa in cusa a ƙarƙashin tsirkiyoyin dab da gindi. Tsofaffin Precision da irin wannan soso suke zuwa a cikin murfin gindinsu, kuma dabarar tana aiki har gobe.

Akwai inda ba ta kai ba, kuma ba zan ɓoye ba. Wata rana bayan gwaji muna zaune ana hira, wani ƙanenmu mai kaɗa bes a ƙungiyar matasa ya karɓi jitar ya mare ta da babban yatsa ya fizgo G, irin silaf ɗin da ake yayi. Ya ɗago ya ce, "Yaya, wannan ai ta mutu, yaushe za ka canza?" Na ce masa ko shekara ba ta yi ba. Wani dattijo da ya yi kiɗa a otal-otal tun muna yara yana gefe, ya miƙa hannu aka ba shi, ya ɗan taka wani layin hailaif da yatsa biyu, ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Na ce, "Baba, ai ku kuka san ta." Amma yaron ma yana da gaskiyarsa. Salon da yake bi, na masu jita mai tsirkiya biyar da ke son kowane fizga ya tsaga ɗaki, yana bukatar hasken da mai kaushi kaɗai ke bayarwa. Wanda yake kwaikwayon makaɗan Kamaru a makosa mai sauri, ko yake son ya hau saman wuya ya yi kiɗa shi kaɗai, zai ji an rufe masa baki. A waƙoƙin sujada masu jan rai ma, inda ake son sauti ɗaya ya daɗe yana amo, nakan ji ya sauka kafin in so, sai in sake taɓa shi a hankali.

Sai maganar ɗauka. A situdiyo mai haɗa sauti ya ji daɗinta, don bai sha wahalar goge ƙarar yatsa ba. To amma yawancin masu sauraronmu a waya suke ji, kuma sakakkiyar E wajen sau 41 take kaɗawa a daƙiƙa, abin da lasifikar waya ba ta iya fitarwa. Mai kaushi tana tsira ne da haskenta na sama. Ita wannan in aka ƙara mata ƙasa kawai, a babbar lasifika za ta girgiza ƙirji, a waya kuma ta ɓace ɓat. Maganin da muka samu shi ne a bar ƙasan yadda yake, a ɗaga tsakiyar sautin, ni kuma in matso da hannuna kusa da gindi in ɗan ƙara ƙarfin yatsa. Da haka ta fito a waya sarai.

Kulawa kuwa ba ta da yawa. In na gama kiɗa nakan share ta da busasshen tsumma sama da ƙasa, shi ke nan. Akwai masu cewa kada a share, wai dattin ne daɗin, suna kafa hujja da Jamerson, amma ƙurar hunturunmu haɗe da gumi ba abin bari a kan jita ba ne. Da damina ba ta yi tsatsa ba, kuma tana riƙe saiti sosai, wani lokaci in buɗe jaka bayan kwanaki in tarar da ita daram. Abin da ke motsi katako ne. Da hunturu ya kankama iska ta bushe, wuya yakan ƙara rusunawa, bakin ƙarafunan wuya su ɗan leƙo har su karci hannu, da damina kuma ya koma baya tsirkiya ta fara zizar a kan ƙarfe. Tunda wannan saitin yana jan wuya da ƙarfi, nakan duba shi a farkon kowane yanayi. Ina ajiye jitar a cikin jakarta, da ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin gidan sabulu mai huji lokacin hunturu, ba na jingine ta kusa da taga, ba na kuma barin ta a but ɗin mota cikin rana.

Kuɗinta ya kai ninki biyu na saitin mai kaushi na kirki, kuma ba a kowane shagon kayan kiɗa ake samun ta ba. Ni sai da na yi saƙo aka taho mini da ita. A kula da jabu, don tsirkiyoyin bogi a cikin kwali mai kyau sun yi yawa a kasuwa, kuma arha fiye da kima alama ce. Wata damuwar ita ce in ɗaya ta tsinke, samun guda ɗaya tak a nan aiki ne, shi ya sa tsohon saitina yana cikin jaka duk inda zan je. Amma in aka lissafa saiti nawa na mai kaushi da na saya a tsawon wannan lokaci, ta riga ta biya kanta, ga shi kuma muryarta yanzu ta fi ta ranar da na ɗaura ta.

Mai jita ɗaya tak wanda rabin kiɗansa silaf ne, ya tsaya a kan mai kaushi. Mai jita biyu ya ɗaura wannan a ɗaya, musamman in ƙirar Precision ce, ya ba ta wata guda kafin ya ce komai. Wanda kuma aikinsa riƙe ƙasan waƙa ne a coci ko a biki, ga gumin hannu ga tsadar tsirkiya, ina ba shi shawarar ya fara da 760FL ɗin nan kafin ya yi tunanin masu kauri, don ita ce za ta fi sauƙi ga yatsunsa da wuyan jitarsa.