Shekara biyu da haƙorin roba mai cirewa: abin da na gani a bakina

Daminar 2022 na faɗi a kan babur da daddare, ina dawowa daga makarantar dare da nake koyarwa. Ruwa ya rufe wani rami a titi, tayar gaba ta faɗa ciki, bakina ya daki kan babur ɗin. Haƙoran gaba biyu na sama nan take suka fita. Na ukun da ke gefensu ya karye tun daga saiwa, sai bayan kwana biyu aka cire shi a asibiti. Da ma akwai turmi ɗaya a sama, ɓangaren dama, da aka cire mini shekarun baya saboda kogo. Huɗu ke nan babu, cikin 32 da baligi ke da su.

Ciwon ya wuce cikin 'yan makonni. Abin da ya ƙi wucewa shi ne karatu. Duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya san haruffan ث da ذ da ظ daga kan harshe suke fita tare da bakin haƙoran gaba na sama, ف kuma daga cikin leɓen ƙasa tare da waɗannan haƙoran dai. To, su ne na rasa. In na zo "allazina" a Fatiha sai harshena ya nemi inda zai jingina ya rasa, iska ta fice. Wata rana na gyara wa wani yaro ƙarami harafi har sau uku, a na huɗu ya ɗago kai a hankali ya ce, "Malam, ai haka muka ji ka faɗa." Gaskiya yaron ya faɗa. A daren nan ban yi barcin kirki ba, washegari na koma wajen likita.

Kafin nan wani abokina ya so ya kai ni wajen wani mai sa haƙori a kasuwa, irin waɗanda ke kwaɓa hoda da wani ruwa mai wari su liƙa maka haƙori a jikin na kusa da shi, ka tashi ka tafi cikin rabin sa'a. Shi ma a can aka yi masa. Da ya buɗe baki ya nuna mini, na ga dasashin wajen ya kumbura ya yi jajir, ga wari, domin abin ba ya ciruwa, ba yadda za a yi buroshi ko asuwaki ya shiga ƙarƙashinsa. Bayan wata bakwai sai da aka cire masa lafiyayyen haƙorin da aka liƙa abin a jikinsa. Ina roƙon duk mai giɓi, don Allah, kada ya bi wannan hanya. Araha ba ta ado, a baki kuwa har ɓarna take yi.

Likitar da ta duba ni ta zaunar da ni ta zayyana mini hanyoyi uku. Akwai dashe, wato a kafa ƙusar ƙarfen titaniyom a cikin ƙashin muƙamuƙi, a jira watanni ta kama, a ɗora haƙori a kai. Shi ne ya fi kama da na halitta, amma kuɗin guda ɗaya ya fi ƙarfin albashina nesa ba kusa ba, ni kuma huɗu nake nema. Akwai gada, inda ake fiƙe lafiyayyun haƙoran da ke gefen giɓin a ɗora musu hula a haɗe. Wannan zuciyata ba ta kwanta da shi ba, don ban ga dalilin taɓa haƙorin da bai yi laifin komai ba. Na uku shi ne haƙorin roba mai cirewa, wanda ake sawa da safe a cire da dare. Shi na zaɓa, kuma ba zan ɓoye ba, aljihu ne ya yi zaɓen.

Ta ce sai na jira kusan wata uku. Na ce, "Likita, yara na jira na." Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. In an cire haƙori, ƙashin wajen da dasashin suna janyewa, kuma a watannin farko suka fi saurin janyewa. In na auna ka yau, nan da wata biyu abin zai riƙa rawa a bakinka." Na yi watannin nan da takunkumin fuska a aji, karatun kuma na bar wa wani ɗalibi babba yana biya wa yara, ni ina saurare.

Ranar awo aka fara da kankare mini dattin da ya daskare a gindin haƙora, na shekara da shekaru na goro da shayi. Sannan aka kwaɓa wata hoda da ruwa, aljinet sunanta, daga ciyawar teku ake samo ta. Aka zuba kwaɓin a wani cokali mai siffar kofaton doki aka danna mini a ganɗa. Sanyi gare shi, kuma yana gangarawa wajen maƙogwaro har mutum ya ji amai na taso masa. Ma'aikaciyar ta dafa kafaɗata ta ce in sunkuyar da kai gaba, in riƙa numfashi ta hanci. Minti biyu zuwa uku ya daskare, aka zare shi, sai ga siffar bakina duka a jiki, har ramin giɓin. A wannan ramin ake zuba farar hoda mai daskarewa kamar siminti, a fitar da mutum-mutumin baki, a kansa mai haɗa haƙorin zai yi aikinsa. Aka kawo wani allo mai jerin haƙora kala-kala ana karawa da nawa a bakin taga, cikin hasken rana. Na nuna mafi fari. Likita ta girgiza kai ta ce in aka sa mini shi daga nesa za a gane, domin nawa sun ɗan yi ruwan ƙwai. Ta fi ni gaskiya. Har yau ba wanda ya taɓa gane cewa uku na gaban nan ba nawa ba ne, sai wanda na gaya wa.

Sau uku na je kafin na karɓa. Faranti ne na roba mai tauri, akirilik, kalar dasashi, ya rufe kusan rabin ganɗata, da haƙora huɗu a jiki da ƙugiyoyin waya biyu da ke kama turame. Da na duba madubi na ga leɓena na sama da ya faɗa ciki ya dawo inda yake. Na isa gida maiɗakina ta dube ni ta daɗe, ta ce, "Alhamdu lillahi, Malam, fuskarka ta dawo."

Makon farko kam na sha wuya. Yawu ya riƙa taruwa kamar na sa tsakuwa a baki. Harshe ya rasa wajen zama, "s" tana fita da fito. A kwana na uku gefen farantin ya ci mini dasashi a sama ta hagu, wajen ya yi fari da zogi, ko kunu na sha sai na ji shi. Na so in ɗauki reza in kankare wajen da kaina, Allah ya sa ban yi ba. Da na koma, likita ta shafa wani farin man a cikin farantin ta mayar bakina, ta cire, inda man ya goge nan ne ke danna ni. Ta ɗan goge shi da injinta, bai kai minti biyar ba. Sau biyu aka yi mini haka, kuma ba a karɓi ko kwabo ba. Duk wanda za a yi wa wannan haƙori ya tambaya tun farko ko gyaran bayan karɓa yana cikin kuɗin, don kusan kowa sai ya buƙace shi.

Maganar karatu, kullum bayan Asuba nakan zauna in yi izu ɗaya da ƙarfi, a hankali, ina sauraren kaina. Wajen kwana ashirin ذ ta dawo daidai, ف ma haka. Waɗanda suka fi ba ni wahala su ne ت da د da ط, saboda suna fita daga gindin haƙoran sama, daidai inda robar ta yi kauri. Sun ɗauki kusan wata biyu. Ranar da na koma gaban allo na biya wa yara da bakina, ni kaɗai na san abin da na ji a raina. Don wannan kaɗai ma kuɗina ya biya.

Cin abinci kuwa sai a hankali. Tuwo, shinkafa, ɗanwake, alale, duk lafiya lau. Amma rake na bar shi ke nan, haka gasasshiyar masara sai na ɓanɓare da hannu. Tsire da kilishi sai an yanka ƙanana na tura su turame, domin in na ciza da na gaba, bayan farantin sai ya ɓalle daga ganɗa. Dabino mai danƙo yana ɗaga shi. Riɗi da ɓarɓashin ƙuliƙuli suna shiga ƙarƙashi su yi ta sukar dasashi har sai na tashi na wanke. Kuma roba ba ta ɗaukar zafi, shayi sai ya wuce ganɗa ban ji ba, sai a maƙogwaro in ji ya ƙone ni. Ɗanɗanon miya ma ya ɗan ragu a farko.

Kuskuren da na yi nawa ne, ba na likita ba. Ta gaya mini in riƙa cire shi da dare. Kunya ta hana ni. Ban so 'ya'yana su gan ni da giɓi in na fito sallar Asuba, sai na riƙa kwana da shi. Bayan wata takwas ganɗata ta yi ja sosai, daidai zanen farantin, kamar an buga hatimi. Ba ta ciwo sosai, shi ya sa ban lura da wuri ba. Likita ta ce wata ƙwayar cuta ce mai suna kandida, tana son wuri mai ɗumi da danshi wanda yawu ba ya wanke shi. Ta ba ni magani na mako biyu, sannan ta faɗa mini abin da ya fi tsorata ni: ƙaramin haƙorin roba, musamman wanda ya saki ko ba shi da ƙugiya, mutum na iya haɗiye shi cikin barci ya maƙale a maƙoshi, kuma robar ba ta fitowa sosai a hoton eksire, wani lokaci sai an yi tiyata. Tun daga ranar, in na yi shirin kwanciya nakan cire shi in wanke, in sa a ƙaramin kofi mai murfi da ruwan sanyi. Ƙaramar 'yata ce ma yanzu take kawo mini kofin, ta ce, "Baba, ga gidan haƙorinka."

Wankinsa ba da man goge baki ake yi ba, don yana kankare robar ya bar ƙananan zane inda datti ke maƙalewa. Buroshi mai laushi da sabulun ruwa nake amfani da su, sau ɗaya ko biyu a mako kuma in jiƙa shi da ƙwayar wanke haƙorin roba, Corega ko Steradent, in na samu a kemis. Ruwan zafi yana lanƙwasa shi. Sau ɗaya ya suɓuce mini a wajen alwala ya faɗi kan siminti ya tsage biyu. Na kai gutsattsarin a leda, kwana ɗaya aka haɗa shi. Mai gyaran ya ce da na liƙa da gam irin na kasuwa da sai dai a sake sabo. Yanzu a kan kwano mai ruwa nake wanke shi.

Aibin wannan na roba da ya fi damuna shi ne a kan dasashi yake zaune, duk taunar da na yi nauyinta can yake sauka. A shekara ta biyu na lura dasashin da ke bayan haƙoran da farantin ke taɓawa ya fara ja da baya, kuma gindin turmin da ƙugiya ke kamawa ya fara ɗan kogo, aka cike shi. A nan na tara kuɗi a farkon 2024 na yi na ƙarfe, wanda ake zuba shi da haɗin kobal da kuromiyom. Kuɗinsa ya ninka na farko sau da yawa, kuma sai da aka aika awon wani gari domin ba kowane ɗakin haɗa haƙori ke da injin narka ƙarfen ba, na jira fiye da wata guda. Amma bambancin a fili yake. Siriri ne, ya bar mini yawancin ganɗata a buɗe, yana da 'yan ƙananan ƙafafu da ke hawa kan turame su ɗauki nauyin tauna, ba ya rawa, kuma ina jin zafin shayi tun a baki. Illarsa ɗaya, in na yi dariya sosai ƙugiya guda tana ɗan ƙyalli a gefe. A garin da aka saba ganin haƙorin Makka wannan bai dami kowa ba. An kuma nuna mini wani mai lanƙwasuwa, irin Valplast, marar ƙarfe ko kaɗan, yana da kyau a ido, amma likita ta ce yana da wuyar gyara ko ƙara masa haƙori, shi ya sa na bar shi.

Wanda kuɗinsa bai kai na ƙarfe ba, ko wanda ake ganin wasu haƙoransa ma suna hanyar fita, na roba ya ishe shi farawa, tunda ana iya ƙara masa haƙori a jiki. Da na san abin da na sani yanzu, da shi ɗin zan fara, sai dai ba zan kwana da shi ko dare ɗaya ba, kuma da ban wuce shekara ba zan koma na ƙarfe. Tsohon yana nan a kofinsa cikin ruwa, ina canza masa ruwan, saboda ranar da za a karɓi na ƙarfen don gyara. Watan gobe nake da ganin likita, ta ce za ta duba ko gefen gaba na ƙarfen ya fara saki a yi masa ciko daga ciki.