Gidan sauro biyar a wata: yadda na ga Against Malaria Foundation

Na daɗe ina kwana da damuwar duniya ba tare da na tsinana komai ba. Yau labarin yaƙi, gobe na ambaliya, jibi na yunwa, sai in ajiye waya zuciyata a dagule. Bara na yanke shawarar ɗaukar matsala guda, wadda albashina zai iya da ita kowane wata ba tare da na takura iyalina ba. Na zaɓi zazzaɓin cizon sauro.

Abin da ya ja ni shi ne alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya: a 2023 cutar ta kashe mutum kusan 597,000, kimanin kashi 95 cikin 100 a Afirka, kuma mafi yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Cuta ce da aka san hanyar kare kai daga gare ta, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo.

Gidauniyar da nake ba kuɗina ita ce Against Malaria Foundation, wadda Rob Mather ya kafa a Birtaniya a 2004, kuma aikinta ɗaya ne tak: sayen gidan sauro mai ɗauke da magani, a raba kyauta. Guda ɗaya yakan kama wajen dala 2, ya rufe kusan mutum biyu na shekara biyu zuwa uku. Ni dala 10 nake turawa a wata. Rajistar ba ta ci mini minti goma ba.

Abin da ya riƙe ni shi ne shafin da suke buɗe wa mai bayarwa. Kowane kuɗi da na tura yana nan a jere, da adadin gidajen sauron da ya saya, da rabon da aka sa shi a ciki. Nawa na farko Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo suka nufa. Na daɗe ina kallon sunan lardin a taswira, ina tunanin uwar da za ta ɗaura shi a kan shimfiɗar jaririnta. Bayan rabo kuma ana komawa wasu gidaje a duba ko an rataya, ko ya yage. Wannan ya fi komai kwantar mini da hankali, domin raba kaya ba wuya, sanin ko ana amfani da su ne aiki. Ƙungiyar GiveWell, wadda ke tantance ƙungiyoyin agaji tun 2007, ta sha sa su cikin zaɓaɓɓunta.

Sai dai mai gaggawa ya shirya haƙuri. Rabon miliyoyin gidajen sauro sai an tsara shi da ma'aikatar lafiyar ƙasa, don haka akan ɗauki watanni kafin kuɗi ya zama kaya a hannun mutane. Sauro ma ya soma jure wa tsohon magani a wurare da dama, abin da ya sa ake komawa ga sababbin gidajen sauro masu haɗin sinadari biyu.

Wanda zuciyarsa ke kan ilimi ko sauyin yanayi, nan ba wurinsa ba ne, ya nemi nasa. Ni dai na samu inda zan tsaya, kuma watan gobe ina so in ƙara zuwa gidan sauro shida.