Sharhi: Mota mai tashi da maɓalli da tsarin kashe kanta

Wajen tayarwa babu abin kushewa. Rimot na aljihu, ka taka birki, ka danna maɓalli, inji ya kama. Matsalar tana wajen sauka. A motar da, makulli ba ya zaruwa sai an kashe inji. Wannan kuwa lokacin tayarwa kaɗai take neman rimot. Da zarar ta tashi, ko an wuce Zariya da rimot ɗin ba za ta mutu ba.

Gargaɗin da take bayarwa bai taka kara ya karya ba. Toyota da Lexus ƙara uku suke yi a waje, sai rubutu a dashbod cewa ba a ga makulli ba. A Kaduna, a Kawo ko bakin Kasuwar Gumi, cikin hon ɗin Keke Napep, wa zai ji? Masu haɗa fetur da lantarki, irin su Prius, sun fi ruɗi: kana tsayawa injin ya yi tsit, alhali fitilar READY na kunne, sai cajin batir ya yi ƙasa ya sake tashi da kansa, mai motar na ɗaki yana barci.

A fili asarar ta mai ce, kusan lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa ga inji mai lita 2.5, ga kuma sauƙaƙa wa ɓarawo aiki. A rufaffen gareji mai ƙofa zuwa cikin gida, irin na wasu gidajen Malali da Barnawa, magana ce ta rai. Salansa na fitar da iskar nan mai guba da ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki, ba ta da wari, ba ta da launi. A 2018 jaridar New York Times ta ƙirga aƙalla mutum 28 da suka mutu ta wannan hanya a Amurka tun daga 2006. Namu ya fi muni, domin motoci da yawa an riga an cire musu indomin salansa, wanda shi ne ke rage gubar.

Tsarin da mota ke kashe kanta an yi shi ne don wannan. Ford ta fara sa shi tun wajen 2013: minti 30 mota na tsaye ba a taɓa ta ba, inji ya mutu. Toyota sai a yawancin motocinta ƙirar 2020 zuwa sama, kuma awa ɗaya take jira, giya na kan P. Taka birki ko motsa giya na mayar da ƙirgen farko. In aka kulle ƙofa daga ciki da maɓallin ƙofa, tsarin na dakatawa, wanda ya dace da mai jiran yara a bakin makaranta cikin zafin Maris da sanyin mota a kunne. Yana aiki yadda aka ce, amma a ganina awa ɗaya ta yi yawa a rufaffen wuri. Minti 30 ɗin Ford ya fi hankali.

Sai dai galibin tokumbo da ke yawo a Kaduna, Camry 2012 zuwa 2017 ko RX 350 na 2010 zuwa 2015, ba su da shi sam. Dillali zai iya nuna maka maɓalli mai harafin A ya ce ga shi nan. Ba shi ba ne. Wancan na kashe inji ne a danja don rage shan mai, kana ɗaga ƙafa daga birki ya tashi. Kafin ka biya, duba shekarar ƙira a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, sannan ka tayar da motar a fili, giya a P, ka bar ta ka gani da idonka.

Ga mai tsohuwar ƙira, tsarin sauka shi ne kariya. Giya P tukuna, sannan maɓalli. In ka danna tana kan D ko N, Toyota ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana komawa ACC, rediyo da sauran lantarki na cin batir har da safe a nemi masu jam. Kalli allurar inji ta sauka kan sifili, dashbod ya yi duhu. Bayan ka fita ka taɓa hannun ƙofa don kullewa: in ta ƙi kulluwa ta ja doguwar ƙara, akwai abin da ke kunne, ko rimot na ciki. Wannan gwajin ya fi duk wani gargaɗin dashbod amfani.

Batirin rimot, galibi CR2032 mai bolt 3, yakan yi shekara ɗaya zuwa biyu, kuma na jabu sun cika kasuwa, gara a saya wajen masu gyaran agogo da aka sani. In ya mutu a hanya, zare ɗan makullin ƙarfe da ke cikin rimot ka buɗe ƙofa, ka taka birki, ka manna rimot ɗin a jikin maɓalli, za ta tashi.