Na sake kallon Star Wars da ɗan yayata, tsoho Obi-Wan ya zube a idona

Ina ƙaramin yaro na fara ganin Darth Vader, a kaset ɗin bidiyo da ya sha kallo har hoton yana rawa. Ban fahimci Turancin ba, ban kuma buƙaci fahimta ba. Dogon mutum ne cikin baƙaƙen kaya tun daga kai har ƙafa, fuska a rufe da ƙarfe, ga wani numfashi mai ƙugi kamar zugazugin maƙera. Ya ɗaga mutum sama da hannu ɗaya ta maƙogwaro. Daren nan sai da na matsa kusa da yayana kafin barci ya ɗauke ni.

Hutun da ya wuce wani abokina ya ara min kwalin faifan DVD mai finafinai shida na George Lucas, na zauna na kalle su da ɗan yayata mai shekara goma sha uku. Ga wanda bai sani ba, uku na farko sun fito a 1977 da 1980 da 1983. Sai bayan shekara goma sha shida Lucas ya dawo da wasu ukun, a 1999 da 2002 da 2005, waɗanda suka koma baya suka ba da salsalar labarin: yadda wani yaro Anakin Skywalker ya rikiɗe ya zama Vader. A jikin kwalin waɗannan na baya-bayan su ne lamba ɗaya zuwa uku, don haka yaron ya dage sai mu bi lamba. Na biye masa, kuma na yi nadama, zan zo kan wannan.

Gaskiya The Phantom Menace na 1999 ya gajiyar da ni. Fim ɗin yara ne amma ya buɗe da rikicin haraji kan hanyoyin fatauci, ga zaman majalisa, ga wani dogon wawa Jar Jar Binks da ko yaron bai yi wa dariya ba. Na 2002 kuwa soyayyar da ke cikinsa a sanƙare take, Hayden Christensen, mai fitowa a matsayin Anakin, da Natalie Portman suna hira kamar masu karanta wasiƙar wani. Ban ce kowa ya yi haƙuri da wannan ba. Abin da ya riƙe ni shi ne hamada. A Tunisiya aka ɗauki yawancin wuraren da suka zama duniyar Tatooine, sunan ma daga garin Tataouine na can aka samo shi, don haka gidajen ƙasa da ƙura da manyan riguna duk ba baƙi ba ne a idon wanda ya taɓa zuwa Agadas.

A wannan hamadar muka haɗu da Anakin yana ɗan shekara tara, bawa, shi da mahaifiyarsa Shmi. Wani jarumin Jedi, wato ƙungiyar dattawan mayaƙa masu tsaron zaman lafiya, mai suna Qui-Gon, ya ci shi a caca kan tseren da yaron ya yi, ubangidansu kuma ya ƙi sa uwar a cikin cacar. Aka tafi da ɗa, aka bar uwa cikin bauta. To, a ce lokacin ba su da kuɗi, na yarda. Amma shekara goma fa suka wuce. Waɗannan mutane suna da katafaren gini a babban birni, suna da jiragen da ke ratsa taurari, sarauniyar da yaron ya taimaka wa ta koma kan mulkinta, amma ba wanda ya ce bari a je a fanso matar nan. Wani manomi ne can ya saye ta, ya 'yanta ta ya aura. Da Anakin ya koma sai ya tarar mahara sun sace ta, ta cika a hannunsa, shi kuma ya karkashe zangon gaba ɗaya har mata da yara.

Nan ne kallona ya juya. Na shiga da tunanin finafinan nan za su rage wa Vader kwarjini, kuma sun rage, domin da wuya ka ci gaba da tsoron dodo bayan ka gan shi yana kuka yana neman uwarsa. Amma babbar asarar ta dattawan ce. Yoda, babban malamin Jedi, da na sani a fim ɗin 1980 ɗan tsamurmurin tsoho ne a cikin fadama, kowace maganarsa hikima. A na 2005 Anakin, yana saurayi, ya zo masa a firgice, yana mafarkin mutuwar wani nasa, abin da tsohon ya iya ba shi kawai shi ne ya koyi sakin duk abin da yake tsoron rasawa. Magana ce mai kyau a baki, amma mai ciwo ba ita ya zo nema ba. Palpatine kuwa, ɗan siyasar da ke ƙulla makircin duka, shi ya ja yaron jiki, ya saurare shi, ya yi masa romon baka cewa akwai hanyar hana mutuwa. Ian McDiarmid ya taka rawar nan da kyau ƙwarai. Yadda Palpatine ya tashi daga sanata ya zama shugaba, ya nemi ikon dokar ta-ɓaci, ya zarce, har ya naɗa kansa sarki majalisa tana tafi, mu da muka san tazarce ba sai an yi mana fassara ba.

Revenge of the Sith na 2005 shi ne gwarzon ukun, ko don faɗan ƙarshe a bakin kogin wuta. Obi-Wan, jarumin Jedi da ya horar da Anakin, ya sare wa almajirin nasa ƙafafu biyu da hannu ɗaya, ya tsaya yana kallo wuta ta kama shi, ya sunkuya ya ɗauki takobin hasken yaron, ya juya ya tafi. Bai ƙarasa shi ba, bai kuma ja shi daga wutar ba.

Washegari muka sa na 1977. Ga Alec Guinness a matsayin tsoho Obi-Wan cikin alkyabba ruwan ƙasa, dattijo mai furfura da sanyin murya, ya buɗe akwati ya ciro takobin nan ya miƙa wa Luke, ɗan Anakin, yana gaya masa mahaifinsa ne ya so a ba shi, wai kuma Vader ne ya ci amanar mahaifin ya kashe shi. Ɗan yayata yana tsakiyar ɓare gyaɗa ya tsaya, ya juyo ya ce, "Kawu, tsohon nan ƙarya yake yi. Ba tsinta ya yi a ƙasa ba?" Na buɗe baki zan kare Obi-Wan, na rasa abin cewa. Shekara talatin ina ganin wurin nan a matsayin gado da aka miƙa wa maraya. Yanzu abin da nake gani shi ne dattijo yana shirya ɗa ya je ya kashe ubansa ba tare da ya sani ba. Haka wurin da Vader ya riƙe kafaɗar gimbiya Leia ana tarwatsa duniyar da ta girma a ciki. Dā mugunta ce kawai, yanzu uba ne riƙe da 'yarsa, shi bai sani ba, ita ba ta sani ba.

Nadamar da na ambata ta zo a fim ɗin 1980, inda Vader ya gaya wa Luke shi ne ubansa. Ni lokacin da yayana ya fassara min wurin nan sai da na miƙe tsaye. Yaron nan ko gezau, ya ce ai tun shekaranjiya mun sani. Ni na cuce shi da na bi lamba. Duk wanda zai nuna wa sabon mai kallo, ya fara da na 1977 da na 1980, sannan ya koma salsala, ya rufe da na 1983.

Akwai ɗinkin da bai haɗu ba. Leia ta ce tana tuna fuskar mahaifiyarta, alhali mun ga matar ta rasu wurin haihuwarsu ita da Luke. Sannan a faifan da muka kalla an cire Sebastian Shaw, wanda ya fito a matsayin tsoho Anakin bayan ya tuba, daga fitowar kurwar Anakin a ƙarshen na 1983, an sa Christensen, gyaran da aka yi tun 2004. Wannan bai min daɗi ba, domin wanda ya tuba dattijo ne mai tabo a kai, shi ya kamata a gani.

Muryar Vader, wato ta James Earl Jones wanda ya rasu a 2024, har yanzu tana tayar min da tsikar jiki. Da Vader ya fara shigowa cikin hayaƙi yana numfashin nan nasa, na saci kallon yaron ko zai tsorata kamar ni a dā. Ya girgiza kai kawai ya ce, "Allah sarki, huhunsa ne ya ƙone."